Usur a Hannun Ɗan Koyo: Yaushe Sabon Alƙalin Ƙwallon Kwando Ya Isa Hawa Mataki?

Gabatarwa

Bahaushe bai rasa sunan da zai laƙaba wa mutumin nan da ke kai da kawowa cikin fili riƙe da usur ba. Ya ari kalmar Ingilishi ya sarrafa ta yadda harshensa zai iya ɗauka, ta koma "rafali", wasu kuma su ce "lafari". Amma da aka zo maganar rediyo da jarida da littafi, sai aka ɗauko masa suna mai nauyi, aka ce "alƙalin wasa". Kalmar alƙali daga Larabci ta shigo Hausa, kuma tun shigowarta ba ta rabu da zauren shari'a da rabon gado da rikicin iyakar gona ba. Duk wanda ya san ƙasar Hausa ya san ba a wayi gari a naɗa mutum alƙali ba. Yakan daɗe yana muhuti, yana zaune gefen alƙali, yana rubutu, yana sauraron yadda ake tambayar mai ƙara da wanda ake ƙara, kafin wata rana a ce ya isa ya yanke hukunci da kansa.

Wannan ne ya sa nake ganin tambayar da ke kan wannan rubutu ba ta 'yan wasa kaɗai ba ce. Idan saurayi ya koyi dokokin ƙwallon kwando, aka ba shi riga da usur, tsawon wane lokaci ya kamata ya yi a ƙasa kafin a ɗaga shi zuwa manyan wasanni? Ra'ayina shi ne, ba da kalanda ake auna wannan hawa ba, ba kuma da zumuɗin mai hawan ba. Ana auna shi ne da yawan wasannin da mutum ya busa a gaban idon wanda ya fi shi sani. Abin da zan yi ƙoƙarin bayyanawa ke nan.

Abin da na taso na gani

Ni mutumin Unguwar Hajji ne, a ƙasar Ƙaraye. Lokacin ƙuruciyarmu ba mu san wani wasa wai shi ƙwallon kwando ba. Kwandon da muka sani shi ne na ɗaukar kaya zuwa kasuwa. Wasanninmu su ne langa da kokawa a dandali, sai kuma dambe idan kaka ta yi, amfanin gona ya zo gida, 'yan dambe suka fara yawon gari-gari. A duk waɗannan wasanni ba a ba kowa takardar shaida ba, amma kowa ya san wanda ya isa ya shiga tsakani. Wanda zai raba 'yan dambe idan sun sarƙe, ko ya ce an yi kisa, ko ya ce turmi ya ƙare, ba baƙo ne a fagen ba. Galibi tsohon ɗan wasa ne wanda ya sha naushi ya kuma bayar, ya fara da raba yara, jama'a suka ga adalcinsa, sa'an nan suka yarda ya raba manya.

Haka abin yake a makarantar allo. Akwai kolo, akwai titibiri, akwai gardi, har a kai ga alaramma da gwani. Ba a taɓa cewa yaro ya shekara uku, saboda haka a ƙara masa karatu. Sai ya biya allonsa a gaban malam, malam ya ji da kunnensa, sa'an nan a ce ya je ya wanke. Mai kaifin kai yakan wuce sa'o'insa, ba mai riƙe shi don wai ya yi sauri. Mai nauyin kai kuma ba a tura shi gaba don wai ya daɗe. Wannan tsari ne na hikima, kuma shi ne ginshiƙin abin da nake so in faɗa.

Sai da karatu ya kai ni birni na fara ganin ƙwallon kwando da idona. Daga baya, da na zama malami, aka sa ni cikin kwamitin wasanni, na shekara da shekaru ina zama a bakin fili, wani lokaci ma a teburin masu rubuta maki. A nan na fahimci cewa aikin mai usur a wannan wasa ya fi yadda ɗan kallo yake tsammani nauyi.

Nauyin da ke kan usur

Wani malamin motsa jiki mai suna James Naismith ne ya ƙirƙiro wasan a watan Disamba na 1891, a garin Springfield na Amurka, da dokoki 13 kacal. Tun a waɗannan dokoki na farko ya raba aikin hukunci gida biyu: mutum ɗaya ya lura da 'yan wasa da laifuffukansu, ɗayan kuma ya lura da ƙwallo da lokaci. Wato tun ranar farko an gane cewa ido biyu ba su isa ba. A yau, a manyan wasanni, alƙalai uku ne ke cikin fili, ban da jami'an tebur.

Dubi abin da ake nema daga gare su. A dokokin hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, wadda aka kafa a 1932, tsawon fili mita 28 ne, faɗinsa mita 15. A cikin wannan ɗan wuri ƙarti goma ke guje-guje, zango huɗu na minti 10 kowanne. Ƙungiyar da ta karɓi ƙwallo tana da sakan 8 ta tsallake rabin fili, da sakan 24 ta yi jifa. Ɗan wasan da ke kai hari ba zai wuce sakan 3 a cikin keɓaɓɓen wurin da ke ƙarƙashin kwando ba. Wanda ya yi laifi biyar ya fita ke nan. Idan mutum biyu suka yi karo, dole alƙali ya tantance nan take: mai tsaro ne ya tare hanya bai tsaya daidai ba, ko mai kai hari ne ya bangaje wanda ya riga ya kafa ƙafarsa? Bayan ya busa, sai ya juya ga tebur ya yi bayani da hannu: lambar mai laifi, irin laifin, da hukuncinsa. Wannan kansa wani harshe ne na ishara, mai ƙa'idojinsa da jerantawarsa.

A fagen nazarin harshe, tun 1965 Noam Chomsky ya bambanta tsakanin sanin harshe da ke cikin ƙwaƙwalwa da aiwatar da shi a baki. Na ga ɗalibai da dama waɗanda suka haddace dokokin nahawu, amma da aka tsayar da su gaban aji sai baki ya mutu. Haka sabon alƙali yake. Littafin dokoki ana iya haddace shi cikin wata guda, a ci jarrabawa da maki mai yawa. Amma ganin laifi cikin ƙiftawar ido, da sanin inda za a tsaya don a gan shi, da sanin taɓawar da za a busa da wadda za a ƙyale, waɗannan ba sa shiga jiki sai da maimaici. Yaro ba ya koyon magana daga littafi, da rarrafe kuma yakan tashi.

Akwai kuma nauyin da ba ya cikin littafi ko kaɗan, wato matsin jama'a da na manya. A wasan ƙarshe na Olamfik na 1972 a birnin Munik na Jamus, Amurka na gaba da Tarayyar Sobiyet da maki 50 da 49, saura sakan 3. Aka sami ruɗani tsakanin fili da tebur. Alƙalan biyu, ɗaya ɗan Birazil ne, ɗaya ɗan Bulgeriya, masu tebur kuma Jamusawa. Babban sakataren FIBA na lokacin, William Jones, ya sauko ya sa baki a mayar da agogo, alhali doka ba ta ba shi wannan iko ba. Sau uku aka jefo ƙwallon nan, a na ukun Alexander Belov ya zura ta, aka tashi 51 da 50. 'Yan wasan Amurka suka ƙi karɓar lambar azurfa. Idan ƙwararrun da duniya ta zaɓo sun shiga irin wannan tsaka mai wuya, ina ga yaron da bai shekara da riƙe usur ba?

Illar gaggawa

Na san wani ɗalibina, yaro mai hazaƙa da kuzari, wanda ya shiga harkar alƙalanci yana aji biyu. Ya iya dokoki ƙwarai, ga shi da tsawo da murya. Da yake alƙalai sun yi ƙaranci, kuma yana da wanda ya tsaya masa, kafin shekara ta zagayo sai ga shi an sa shi a wasan ƙarshe na wata gasa, tsakanin ƙungiyoyi biyu masu tsohuwar gaba. A zango na farko ya busa wani laifi wanda bai tabbata ba. 'Yan kallo suka yi masa ca. Maimakon ya bar abin da ya wuce ya wuce, sai ya nemi ya rama wa waɗanda ya cuta, ya busa wani laifin na bogi a ɗaya ɓangaren. Daga nan kowane koci ya gane cewa ihu na juya shi, sai kowa ya buɗe maƙogwaro. Kafin a tashi, wasa ya fita daga hannunsa, ɗan wasa ɗaya ya gurɗe a ƙafa sakamakon ture-turen da aka ƙyale tun farko. Bayan wannan rana ya rataye usur, bai ƙara waiwayarsa ba.

Yaron nan ba rago ne ba. An ɗora masa buhu ne tun wuyansa bai yi ƙwari ba. Da a wasan 'yan ƙaramar sakandare ya yi wannan kuskure, da babba ya ja shi gefe ya ce masa: "Ɗana, kuskure ɗaya kuskure ne, amma ramuwa kuskure biyu ce." Da ya koya a inda koyo ba shi da tsada. Sauri ya haifi nawa, in ji Hausawa. An yi hasarar wasa, an yi hasarar lafiyar ɗan wasa, an kuma yi hasarar alƙalin da zai iya yi wa jiha hidima shekara ashirin.

Sunan Dick Bavetta sananne ne a tarihin gasar NBA ta Amurka. Ya shekara tara yana busa a ƙaramar gasa, yana neman shiga ana mayar da shi, sai a 1975 aka ɗauke shi. Daga nan har ya yi ritaya a 2014 ya busa wasanni 2,635 a jere, bai taɓa fashin ko ɗaya ba. Ina ganin shekarun nan tara da ya yi a ƙasa su ne harsashin da ya ɗauki wannan dogon gini.

Illar jinkiri

Sai dai kada mai karatu ya ɗauka cewa ina goyon bayan a danne matasa har sai sun yi furfura. Sannu ba ta hana zuwa, amma ƙarshen karin maganar shi ne, sai dai a daɗe ba a je ba. A wannan aiki kuwa, wanda ya daɗe ƙwarai yana iya tarar da an rufe ƙofa.

Dalili na farko shi ne jiki. Gwajin gudun da FIBA ta daɗe tana yi wa alƙalai shi ne kai da kawowa a tazarar mita 20, sau 86 cikin minti 10 ga maza, sau 66 cikin minti 8 ga mata. Wannan ba aikin dattijo ne ba. Dalili na biyu shi ne ƙa'idar shekaru. A tsarin lasisin da FIBA ta shigo da shi a 2017, an kasa lasisi kashi uku, baƙi da kore da fari, ana sabunta shi duk shekara biyu. A wannan tsari, mai neman lasisi karon farko bai kamata ya haura shekara 35 ba, kuma sai ya kasance ya yi kaka biyu yana busa manyan wasanni a ƙasarsa. To, ɗalibin da ya kammala NCE yana da shekara 23, shekara 12 ke gabansa. Idan aka bar shi ya yi goma daga ciki yana jiran layi, an yanke masa hanya ke nan ba tare da an faɗa masa ba.

Dalili na uku shi ne, tsufa a aiki ba shi ne nagarta ba. Tim Donaghy ya yi kaka 13 yana alƙalanci a NBA, amma a 2007 aka gano yana caca a kan wasannin da yake busawa, aka ɗaure shi wata 15 a 2008. Shekaru suna ƙara wa mutum sani, amma ba sa saka masa amana idan babu ita.

A nan ne maganar ta dawo gida. Na san wani malamin motsa jiki daga wajen Rogo, mutum mai natsuwa da ido mai kyau. Ya shekara da yawa yana busa wa yaran makarantu a filin da aka daɓe da hannu, kwandon ma maƙeri ne ya lanƙwasa ƙarfensa. Babu wanda ya taɓa zuwa ya ga aikinsa. Duk lokacin da aka shirya kwas, a birni ake yi, sai labari ya iso shi bayan an gama, ko kuma kuɗin mota da na masauki su gagara. Yana nan har shekarunsa suka wuce. Shi ba saurin hawa ne ya dame shi ba, tsanin ne ba a jingina a inda yake ba.

Abin takaici ne, domin arewacin Nijeriya ba baƙon wannan wasa ba ne. A Zariya, wadda ba ta yi wa mutumin Rogo nisa ba, koci Oliver Johnson ya shafe shekaru yana horar da matasa a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin waɗanda suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda yake shugaban ƙungiyar Toronto Raptors lokacin da ta ci kofin NBA a 2019. A Kano, ƙungiyar Kano Pillars ta ƙwallon kwando ta ɗauki kofin ƙasa sau da dama. Maza na Nijeriya sun ci kofin Afirka a 2015, mata kuma sun ɗauke shi sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, suka kuma kai zagayen 'yan takwas a Olamfik na 2024 a Faransa. Ƙasar da take fitar da irin waɗannan 'yan wasa tana bukatar alƙalai masu yawa, kuma ba a birane kaɗai Allah ya ajiye masu ido da adalci ba.

Ma'aunin da nake gani

Idan aka tambaye ni, ga yadda zan shimfiɗa tsanin. Wannan ra'ayina ne na malami, ba dokar wata hukuma ba.

Mataki na farko shi ne tebur. Kafin mutum ya sa usur a baki, ya fara riƙe agogo, ya rubuta maki, ya koyi karanta ishara. Wannan shi ne zaman muhutinsa. Mataki na biyu shi ne wasannin yara da na makarantu, tare da babba a gefensa, aƙalla kaka ɗaya ko biyu. Mataki na uku shi ne gasar jiha da ta manyan makarantu, irin su NICEGA ta kwalejojin ilimi da NUGA ta jami'o'i. Daga nan sai ƙananan rukunoni na ƙasa, sa'an nan babban rukuni. Mai hazaƙa yana iya haye waɗannan duka cikin shekara shida ko bakwai. Wani sai ya yi goma. Wani kuma a mataki na uku zai tsaya, kuma wannan ba abin kunya ba ne, domin yaran makarantu ma suna da hakkin samun alƙali nagari.

Abin da ya fi adadin shekarun muhimmanci shi ne sharuɗɗan tsallakawa. Na farko, kowane sabon alƙali ya kasance da littafin da ake rubuta wasannin da ya busa. Wanda ya busa wasa 60 a kaka ɗaya ba daidai yake da wanda ya busa shida cikin shekara uku ba, ko da na biyun ya riga shi karɓar takarda. Na biyu, a sami mai dubawa ya zauna ya kalli aikinsa, ya rubuta rahoto, ya kuma karanta masa. Kuma kada mai dubawan ya zama mutum ɗaya, don a toshe ƙofar son kai da ta ƙiyayya. Mu malamai mun san wannan, domin ba ma sallamar ɗalibin NCE sai ya fita gwajin koyarwa, an bi shi har aji an ga yadda yake riƙe alli. Na uku, a riƙa ɗanɗana masa mataki na gaba kafin a ba shi: a sa shi na uku tsakanin ƙwararru biyu, a wasan da ba na ƙarshe ba. Na huɗu, hawa ya kasance yana da saukowa. Wanda aka ɗaga aka ga bai nuna ba, a mayar da shi ya ƙara kwana, ba da wulakanci ba, kamar yadda malam kan ce wa almajiri ya koma ya sake tilawa.

Akwai tambayoyi uku da zan so mai dubawa ya riƙe. Shin yana tsayawa inda zai ga abin da yake hukuntawa, ko hasashe yake yi? Shin abin da ya kira laifi a minti na farko shi yake kira laifi a minti na ƙarshe, kuma ga kowane ɓangare? Shin idan ya yi kuskure, ko babba ya daka masa tsawa, yana komawa daidai ko rikicewa yake yi? Wanda ya amsa waɗannan uku da aikinsa ya isa hawa, ko shekararsa 24. Wanda bai amsa ba bai isa ba, ko shekararsa 40.

Sharaɗi na ƙarshe ba a kan alƙali yake ba, a kan masu tsari yake. A kai dubawa inda mutane suke. Ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo suna da makarantun sakandare da malaman motsa jiki. Idan aka haɗa musu gasa ko sau ɗaya a zangon karatu, aka turo mai dubawa daga Kano ko Zariya, an jingina tsani ke nan. A yau ma wayar hannu ta sauƙaƙa abin: ana iya ɗaukar wasa a bidiyo a Unguwar Hajji, ƙwararre ya kalla a Ƙofar Mata, ya aiko da gyara. Kada kuma a manta da mata. Tun 1997 Violet Palmer da Dee Kantner suka fara busa wasannin maza a NBA. Makarantun 'yan matanmu kuwa sun fi kowa bukatar alƙalai mata, domin iyaye da yawa sun fi sakin jiki idan mace ce ke kula da 'ya'yansu a fili.

Kammalawa

Ɗalibi mai karanta wannan rubutu, wataƙila ba za ka taɓa riƙe usur ba. Amma za ka riƙe alli da jan biro, kuma wannan ma alƙalanci ne. Wata rana za a ba ka aji, wata rana a ba ka makaranta, wata rana kuma kai ne za ka zauna a kujerar da ake cewa wane ya isa, wane bai isa ba. Idan ranar ta zo, ka tuna cewa ɗaga ɗan koyo kafin ya nuna cuta ce gare shi da waɗanda zai hukunta, danne shi bayan ya nuna kuma cuta ce gare shi da al'ummar da za ta amfana da shi. Maganin duka biyun guda ne: a je a gani, a rubuta abin da aka gani, a yi hukunci da shi. Tun da Bahaushe ya zaɓi ya kira mai usur alƙali, ya wajaba a yi wa alƙalin kansa adalci wajen hawansa, kafin a nemi ya yi wa wasu.